Yadda za ka haɗa akwatin resista a shagonka da kuɗi kaɗan

"Assalamu alaikum Injiniya. Shekarata biyu ina koyon gyaran rediyo da amfilifaya a shagon maigidana a Sabon Gari, Kano. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne resistar da ta ƙone ƙurmus har launinta ya goge. Sai in yi ta liƙa wannan ina cirewa, in liƙa waccan, har layin bod ɗin ya ɗaye. Na ga wani akwati mai abin murɗawa, ana juyawa kawai a samu om ɗin da ake so, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Zan iya haɗa nawa? Me zan saya? Kuma boliyum ba zai yi min wannan aikin ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'ar albarka. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko akwatin yana haɗuwa a shago da kayan kasuwa, kayan da za ka nema, da kuma ko boliyum zai tsaya maka a madadinsa. Yana haɗuwa sarai, yini guda ma ya ishe ka in kayan sun cika. Wanda ke kan teburina yanzu a cikin kwandon wata tsohuwar sitabilaiza na haɗa shi, kuma da wuya mako ya wuce ban ɗauko shi ba.

Bari mu kawar da zancen boliyum tukuna. Yana aiki a wasu wurare, amma yana da aibi uku. Ba ka sanin inda ka tsaya sai ka cire shi ka ɗora mita, kuma wajen cirewar hannu kan taɓa shi ya gusa. Na biyu, boliyum mai 10k, wato om 10,000, duk murɗinsa bai kai zagaye ɗaya ba, to idan om 330 kake nema, kana wasa ne a cikin ɗan wurin da bai kai kashi 4 cikin 100 na hanyar ba; da ƙyar yatsa zai saita shi. Na uku shi ne mafi muni: ƙarfin wat da aka rubuta masa na dukkan hanyar garwashin da ke cikinsa ne. Idan ka murɗo shi can ƙasa, wutar duka ta ɗan guntun wuri take bi, nan take wurin ya ƙone, boliyum ya fara tsalle.

Iri biyu ake yi

Akwai mai zaɓe, akwai mai lissafi. Mai zaɓe shi ne ka ɗauki makunni mai juyawa mai ƙafa 12, ka liƙa wa kowace ƙafa resista daban, ka haɗe sauran ƙafafun resistocin wuri ɗaya. Lambobin da kamfanoni ke bugawa a jerin da ake kira E12 su ne 10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68 da 82, sai a yi ta ƙara musu sifili. Daɗin wannan shi ne duk abin da ka zaɓa akwai shi a kasuwa. Rashin daɗinsa, makunni ɗaya gida ɗaya kawai yake ɗauka, misali daga 1k zuwa 8.2k, kuma babu komai tsakanin 4.7k da 5.6k.

Mai lissafi shi nake ba ka shawara. Ka tuna lissafin firamare, gidan ɗai-ɗai, gidan goma-goma, gidan ɗari-ɗari? Haka yake. Kowane makunni gida ɗaya ne, resistocin da ke kansa duk lambarsu ɗaya, an jera su wutsiyar wannan a kan wancan. Tunda resistocin da aka jera haka om ɗinsu haɗuwa yake yi, idan ka sa gidan dubu a 4, gidan ɗari a 7, ka samu 4,700. Abin da idonka ya gani a fuskar akwatin shi ne abin da ke cikinsa, ba sai ka auna ba.

Gida biyar nake so ka yi: na om 10, na 100, na 1k, na 10k da na 100k. Kowane gida resista 10, jimla 50, kuma akwatin zai ba ka daga sifili har om 1,111,100, goma-goma. Za ka ga na kasuwa suna da gidan om ɗai-ɗai, wasu har da ƙasa da haka. Kada ya ba ka sha'awa. Bakin makunni mai araha da wayoyin ciki su kansu suna da ɗan om nasu. Nawa idan na mayar da komai sifili, yana nuna kusan rabin om. A kan 4,700 rabin om ba komai ba ne, amma a kan om 2 ya zama kashi ɗaya cikin huɗu. Gidan da ba za ka iya yarda da shi ba, asarar makunni ne.

Abin da za ka saya

Resista ba ta da tsada, makunni ne ke cin kuɗin. Don haka nan za ka natsu. Nemi mai juyawa mai ƙafa ɗaya a tsakiya da 12 a kewaye. Akwai masu kama da shi sak a ido, masu ƙafa biyu ko uku ko huɗu a tsakiya, waɗanda ke tsayawa a mataki 6 ko 4 ko 3. Juya bayansa ka ƙirga kafin ka biya. Murɗa shi a hannunka a gaban mai kaya. Mai kyau yana faɗawa kowane mataki da ƙarfi, ka ji ƙas, kuma sandar ba ta rawa. Je da mitarka, sa ta a wurin ƙara, ka bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya.

Resistoci kuma ka nemi masu shuɗin jiki masu zobe biyar, waɗanda zoben ƙarshensu ruwan ƙasa ne. Kuskurensu kashi 1 cikin 100 ne, saɓanin masu zoben ruwan gwal da ke da kashi 5. Bambancin kuɗin kaɗan ne. Sai dai ka kula, duk lambobin nan biyar da ruwan ƙasa, baƙi, baƙi suke farawa, zobe na huɗu ne kawai ya raba su: ruwan gwal om 10, baƙi 100, ruwan ƙasa 1k, ja 10k, ruwan lemo 100k. A kan shuɗin jiki, cikin hasken shago, ja da ruwan ƙasa da ruwan lemo suna yaudarar ido ƙwarai. Auna kowace ɗaya da mita kafin dalma ta taɓa ta. Sayi kamar 15 na kowace lamba, ka zaɓi goman da suka fi kusa da juna, sauran su zama na canji.

Gidaje biyun ƙasa, na 10 da na 100, saya musu masu wat 1. Sauran ukun masu kwata wat sun wadatar. Dalilin yana zuwa a gaba. Sai soket uku na gaban akwati, wayoyi biyu gajeru masu bakin kada, kawunan murɗawa biyar masu alamar nuni, da resista ɗaya mai om 100 wat 2.

In kuɗin makunni biyar ya yi maka yawa a yanzu, akwai hanyar da ta fi araha. Ka jera resistocin a kan berobod, allon nan mai ramuka da ake liƙa kaya a kai, ka sa fil-fil biyu a kowace mahaɗa, ka riƙa matsar da ɗan murfin nan da ake samu a tsofaffin bod na kwamfuta. Yana aiki, sai dai ba ya saurin canzawa kuma murfin kan ɓace. Wata hanyar ita ce makunni na kunna-kashe guda huɗu a kowane gida, kowanne an ɗora shi a kan resista ɗaya yadda idan an rufe shi wuta za ta tsallake ta. Da resista 1, 2, 3 da wata 3 za ka fitar da kowace lamba daga sifili zuwa 9: bakwai ita ce 1 da 3 da 3, takwas 2 da 3 da 3. Resista huɗu maimakon goma ke nan, amma kullum kanka yana cikin lissafi, kuma ranar da aiki ya yi yawa za ka yi kuskure. Akwai kuma ƙananan makunnai masu nuna lamba a taga, da ake dannawa sama da ƙasa. Mai ƙafa goma da ɗaya ta tsakiya yana yi. Mai ƙafafu 1, 2, 4, 8 na lissafin kwamfuta ne, ba zai shiga wannan haɗin ba.

Haɗawa

Kwance noti na makunnin, za ka ga wani siririn wosha mai ɗan haƙori a ƙarƙashinsa. Shi ke iyakance yawan matakai. Murɗa sandar gaba ɗaya zuwa hagu, sannan ka sa haƙorin a rami mai lamba 11. Yanzu kana da mataki 11, wato sifili zuwa 10. Liƙa resista ta farko tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, ta biyu tsakanin ta 2 da ta 3, haka har ta goma tsakanin ta 10 da ta 11. Ƙafa ta 1 ita ce sifili, nan wuta ke shiga. Ƙafar tsakiya ita ce mafita, daga ita za ka ja waya zuwa ƙafa ta 1 ta makunni na gaba. Ƙafa ta 1 ta makunnin farko tana zuwa soket ɗaya, tsakiyar na ƙarshe tana zuwa ɗaya soket ɗin.

Mutane da yawa resista tara suke sawa su tsaya a 9. Ta goman nan tana da amfani biyu. Tana ba ka damar hawa daga 900 zuwa 1,000 ba tare da ka taɓa gidan dubu ba. Sannan ita ce ma'aunin akwatin da kansa: 10 a gidan ɗari dole ta yi daidai da 1 a gidan dubu, in sun saɓa ka san wani abu ya taɓu.

Ga wata 'yar waya da ba kowa ke sawa ba, kuma kada ka bar ta. A kowane makunni, haɗa ƙafar tsakiya da ƙafa ta 11. Yawancin makunnan kasuwa suna sakin ƙafa ɗaya kafin su kama ta gaba, don haka a tsakiyar murɗi akwatin yana yankewa na ɗan ƙiftawar ido. Da wannan wayar, a lokacin sakin wuta za ta bi ta dukkan resistoci goma na gidan, ba za ta yanke ba. Ka ɗauki LM317, ɗan abin nan mai ƙafa uku mai daidaita bolt da muke haɗa fawa da shi, wanda resista biyu ke saita shi, ta sama da ta ƙasa. Abin da yake fitarwa shi ne bolt 1.25 sau jimlar 1 da sakamakon raba resistar ƙasa da ta sama. Idan ta sama om 240 ce, ta ƙasa 720 za ta ba ka bolt 5, 1,490 kuma kusan bolt 9. To idan akwatinka ne a gurbin ta ƙasa ya yanke, abin da ke fita zai haura kusan duk wutar da ke shiga. In kana ba shi bolt 18 kuma akwai abu mai bolt 5 a bakinsa, ka yi asararsa. Duk da wayar, ka cire kayan mutane daga bakin fawa kafin ka taɓa gidajen sama.

Wajen liƙi kada ka daɗe a kan ƙafa ɗaya, jikin makunnin roba ne, in ya yi laushi ƙafar ta karkace bakin ya daina kamawa. Kankare ƙafafun, shafa musu dalma tukuna, lanƙwasa ƙafar resista ta riƙe kanta, sannan ka taɓa sau ɗaya. Wayar da ke tsakanin makunnai ta zama mai kauri kuma gajera. In kwandon ƙarfe ne irin nawa, tabbatar soket ɗin ba su taɓa jikinsa ba, kuma babu ƙafar resistar da ke gogar murfi. Gwada kowane makunni shi kaɗai kafin ka ɗaure shi, domin gano liƙin da bai kama ba a cikin resista 10 ya fi sauƙi a kan cikin 50.

Soket na uku na tsaro ne. Ja resistar nan mai om 100 wat 2 daga soket na fita zuwa gare shi, ka rubuta +100 a kansa. Duk lokacin da za ka yi gwaji da wuta a kunne, nan za ka sa wayarka, ko ka mayar da komai sifili akwai om 100 a hanya. Wasu fiyus suke sawa. Ƙaramin fiyus shi ma yana da om nasa wanda ba a rubuta ba, kuma sau da yawa tiranzista kan riga shi mutuwa, shi ya sa na fi son resistar da na san lambarta.

Inda akwatin ke mutuwa

Zafi ne ke kashe shi, kuma lissafin ba shi da wuya. Daga dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya buga a 1827 ake fitar da shi: wat shi ne bolt sau bolt a raba da om. Ɗora batir mai bolt 12 a kan om 100, 144 a raba da 100, wat 1.44 ke nan. Resista mai kwata wat an ɗora mata kusan ninki shida na abin da za ta iya. A kan om 10 kuwa wat 14.4 ne, ko mai wat 1 hayaƙi za ta yi. A bolt 12, mai kwata wat ba ta tsira sai daga om 576 zuwa sama. In ka fi son ka riƙe shi ta fuskar amfiya, mai om 10 wat 1 tana ɗaukar kusan miliamfiya 316, mai 100 wat 1 miliamfiya 100, mai 1k kwata wat kusan 16, mai 10k miliamfiya 5, mai 100k ɗaya da rabi. Rubuta waɗannan a ƙarƙashin kowane kan murɗawa, kuma ka yi ƙoƙari ka tsaya a rabinsu, musamman a watan Afrilu da shago kansa ke kamar tanda.

Lura da wani abu: resista ta farko a kowane gida ita ce ke shan wahala. A 900, resista tara ne ke raba zafin. A 100, ita kaɗai ce. Kuma tana cikin hanya a kowane mataki daga 1 zuwa 10. Na taɓa barin akwatina a kan 100 a bakin batirin mota, a lokacin masu kwata wat ne a gidan. Warin fenti ne ya ankarar da ni. Da na buɗe, resistar ta yi duhu a tsakiya amma ba ta yanke ba, sai na rufe na ci gaba da aiki. Sai bayan kwanaki, ina gwada 10 na gidan ɗari da 1 na gidan dubu, na ga sun saɓa. Duk gwajin da na yi a tsakani da ƙarya a cikinsa. Tun daga ranar, duk resistar da ta canza launi cire ta nake yi.

Kuskure na biyu a hannu yake. Kana kan 1,000 kana son 900. Idan ka fara mayar da gidan dubu sifili, alhali gidan ɗari yana sifili, ka yi shot kai tsaye. Fara sa gidan ɗari a 9, ka zama kana 1,900, sannan ka sauke gidan dubu. Kullum ƙaramin gida ake ɗagawa kafin a sauke babba. In ka gama aiki kuma, bar gidan 100k a sama, yadda gobe in ka jona shi cikin gaggawa ba zai cutar da komai ba.

Resistar da ta ƙone

Yanzu ga ainihin damuwarka. Akwatin zai hana ka liƙa-cire, amma ba zai faɗa maka lambar da kamfani ya sa ba. Resista ba ta ƙonewa haka kawai. Galibi tiranzista ko diyod ko kafasita ne ya yi shot a bayanta. In ba ka gano shi ba, abin da ya ci ta zai ci akwatinka. Bayan ka gyara wannan, nemi lambar ta hanyoyin da suka fi tabbas. A amfilifaya mai hagu da dama, ɓangaren da bai ƙone ba yana ɗauke da 'yar'uwarta a wuri iri ɗaya. Lambar bod ko ta aisi sau da yawa tana fito da zanen a intanet. Wani lokaci kuma idan ka kankare jikin wadda ta ƙone a hankali, ka auna daga kowace ƙafa zuwa wurin da ta yanke, ka haɗa biyun, za ka samu abin da ya kusa.

Sai in waɗannan sun ba ka kusan-kusa, ko duk sun gagara, akwati ya shigo. Kashe wuta, cire tsohuwar gaba ɗaya, kama da bakin kada, fara daga lamba mai girma kana saukowa, idonka a kan mita, yatsanka yana jin zafin tiranzista. Inda ya daidaita, zaɓi lambar kasuwa mafi kusa, ka mayar da akwatin kanta ka sake gwadawa kafin ka liƙa. Girman jikin tsohuwar shi zai nuna maka wat ɗin da za ka saya.

Za ka same shi da amfani a wuraren da ba ka zata ba. Sensar zafi ta firji da na'urar sanyaya ɗaki resista ce da om ɗinta ke raguwa idan zafi ya ƙaru, da yawansu 10k ne ko 5k a ma'aunin zafi 25. Cire sensar, sa akwatin a gurbinta, ka juya: in bod ya amsa, laifin na sensa ne. Haka sensar zafin ruwan inji a motoci da yawa, kusan om 2,500 a ma'auni 20, ta sauko wajen 300 a ma'auni 80.

Akwai wuraren da ban yarda ka kai shi ba. Ɓangaren wutar gida na talabijin da caja da inbata, inda babban kafasita ke riƙe da fiye da bolt 300, ba wurinsa ba ne; makunnan da bakin kada ba a yi su don haka ba, kuma hannunka yana kan akwatin. Wasu bod na firji da na'urar sanyaya ɗaki ma ba a raba ƙaramar wutarsu da ta gida ba, ka tambayi maigidanka kafin ka jona. Ƙananan resistocin nan masu om 0.22 da 0.47 na ƙafar manyan tiranzistoci sun fi ƙarfinsa, haka waɗanda aka yi su don su yanke kamar fiyus, irinsu ake mayar musu. A ɓangaren kama tasha na rediyo da cikin wayar hannu kuma, tsawon wayoyin akwatin kaɗai ya isa ya canza halin wurin, sai ka ga abin da ba shi ne ba. Ko a amfilifaya, doguwar waya a mashigar sauti tana jawo gurnani.

Kada kuma ka ɗauke shi ma'aunin gwada mita. Kashi 1 cikin 100 na 100k om 1,000 ne, don haka idan ka sa 100,470, wannan 470 ɗin ta nutse a cikin kuskuren babbar resistar. Lambobi biyu na farko su ne abin dogaro, na uku da ɗan dama-dama. Ƙananan mitocin da lambar fuskarsu ke tsayawa a 1999 su ma kuskurensu ya kusa haka, in suka saɓa da akwatin da ɗan kaɗan ba lallai akwatin ne da laifi ba.

Lokacin hunturu ƙura tana shiga bakin makunni, sai ka ga sifili ya tashi daga rabin om zuwa biyu ko uku, ko lamba tana rawa. Toshe ramukan iska na kwandon da salatif tun farko. In ya fara, fesa masa ruwan wanke makunni, ka murɗa kowanne daga farko zuwa ƙarshe kamar sau ashirin. Kafin ka auna sifilin, haɗa bakin wayoyin mitarka ka ga abin da su kansu ke nunawa, ka cire shi daga lissafi, ka rubuta sauran a gefen akwatin da kwanan wata. Ka gaida min maigidan naka.